Rigar Baba a Ƙarƙashin Tafkin Tamfol

Tun da na dawo daga Ankara, ta ƙasar Gana nake nufi, ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a benci sai wani ya matso: "Ila, wai da gaske ne ka je ka zama yaron shago a hannun mace?" Wani ya ce a'a, shi dai ya ji kifi na koma sayarwa. To na gaji da ba da labari guntu-guntu kowa yana ƙara masa gishiri. Ga shi nan daga farko, wanda bai gamsu ba ya biyo ni shago.

Ni tela ne ɗan tela, a Fagge aka haife ni. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, shago ɗaya ya bar mana da suna ɗaya. Sunan kuwa na ƙanƙantar ɗinki ne. In ka ɗauki rigar da ya ɗinka sai ka kai ta kusa da ido kafin ka ga inda allura ta bi, in kuma ya ga naka ya yi wara-wara, tef ɗin awo za ka ji a ƙeya. Babbar riga ta ƙarshe da ya yi da hannunsa, fara mai aska takwas, tana rataye cikin gilashi a shagon. Ba mai sa ta, ba mai taɓa ta.

Sai zamani ya juya mana baya. Injin kwamfuta ya zo, aikin da nake daɗewa a kansa ya gama shi kafin azahar, ga ɗinkakkun kaya suna shigowa dila-dila. Azumin bana, lokacin da a da har ɓuya muke yi wa masu kaya, zaune muka yi muna kallon titi. Bayan ƙaramar Sallah sai Yaya Bala ya kira ni. Shi ne babban wanmu, ya bar ɗinki tuntuni ya koma harkar hatsi a Dawanau, kuma shi ne mai faɗa a ji a gidanmu. Ya ce wani mai sayar da waya yana son shagon, da an yi Babbar Sallah zai miƙa masa makulli.

Na ce, "Yaya, shagon Baba fa?"

Ya ce, "Na san na Baba ne, Ila. Amma Inna ba gilashi za ta ci ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi ɓata shi gaskiya ya faɗa. Na roƙe shi kada ya karɓi komai a hannun mutumin sai na je na dawo. Ya tambaye ni ina. Da na ce Gana, sai da ya cire tabarau ya dube ni.

Muna da 'yar'uwa a can, Hajiya Memuna, 'yar Baffa Garba ƙanen mahaifinmu, wanda ya bi fataken goro tun yana saurayi bai dawo ba. A unguwar Nima ta Ankara aka haife ta, ni a waya kawai na san ta. Ita ce ta taɓa sa wani bidiyo a zauren danginmu na waya: mata suna haɗa shuɗin tamfol ba allura ba zare, ya zama tafki, an cika shi da ruwa, tarwaɗa na iyo a ciki. Na kalli bidiyon nan har wayata ta yi zafi. Da na kira ta na fara jero tambayoyi sai ta katse ni: "Ƙanena, ba a koyon wannan a waya. Taho."

Daga Kano zuwa Legas ba sai na faɗa muku ba, duk kun san yadda ƙugu yake ƙarewa. A motar da za ta bi bakin teku na samu maƙwabcin kujera, Alhaji Isufu, Bazabarme mai fataucin albasa, wanda ya san hanyar kamar tsakar gidansa. Ba don shi ba da ina iyakar Seme har yanzu. Iyaka uku ce, kowace sai an sauka, a ɗauki jaka, a taka da ƙafa, a buga hatimi. A ta farko aka ce in fito da katin rigakafi. Ni kuwa na cusa shi can ƙasan jaka, ƙarƙashin kilishi da ledar yajin da Inna ta daka wa Hajiya. Ina janyo kati leda ta fashe. Jami'in ya yi atishawa, na bayansa ya yi, layi gaba ɗaya ya ɗauka. Wata mata ta zage ni da Faransanci, ban ji ko kalma ɗaya ba amma na gane. Alhaji Isufu yana dariya yana hawaye, ya ce in ba su haƙuri mu wuce kafin a ce makami na shigo da shi.

A Kwatano da Lome bakina ya mutu, sai nuni da hannu. Alhaji Isufu ne ya buɗe mini ido a wannan tsakanin. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya riƙa nuna mini ta taga: tamfol a kan tirela, ragar masunta, rumfar masu shuka, rigar ma'aikatan hanya mai ƙyalli.

"Duk wannan yadi ne, Malam Ila, kuma ba wanda ya saye shi don kwalliya. Ni kaina albasata tana ruɓewa a hanya saboda buhun da ba ya shan iska. Duk wanda ya yi mini buhun raga mai ƙwari, ni da shi har abada."

Ni da na tashi cikin yadi, ban taɓa kallon waɗannan a matsayin yadi ba.

Muka tsallaka iyakar Aflawo muka shiga Gana. A tashar Tudu, cikin Ankara, muka rabu, ya nuna mini inda zan hau turoturo, wato bas ɗinsu ta haya. Mota na tsayawa na yi irin ta gida, na kutsa da kafaɗa zan kama kujera. Sai na ji an riƙe mini gefen kaftani. Wata tsohuwa ce, ta nuna mini bayan layi da yatsa. Ashe layi suke bi, mutum a bayan mutum, ba ɗan sanda ba kowa. Na koma baya ina jin kunya har cikin ƙashina.

Nima kuwa sai ka rantse wata unguwa ce aka ɗauko daga gida aka matse ta. Ga kiran salla, ga mai tsire, ga Hausa ko'ina, sai dai tasu ta gauraya da yarukan Tuwi da Ga da kuma Turanci, kuma ba ruwansu da mace ko namiji a magana. Hajiya Memuna ta rungume ni tana kuka, ta ce hancin babanta ne a fuskata. Ta sama mini ɗaki a unguwar Mamobi, kusa da Nima, cikin wani gidan haya mai mutane da yawa, a ƙarshen wani lungu da in masu ƙiba biyu suka haɗu sai ɗaya ya koma. Wanka a gidan wanka na unguwa, kowa da bokitinsa. Abinci kuwa, wake da shinkafarsu a ganye ake ƙunsa ta, a ɗora taliya da gari da ƙwai da wani baƙin yaji mai suna shito. Ranar farko na ce wannan ai haɗama ce, kwana kaɗan ni nake fara layi. Dokunu ne dai, tuwon masara mai tsami, har na taho ba mu shirya ba.

Shagon Hajiya yana ƙasan wani bene kusa da babban kwalbati. Na shiga na tsaya. Nannaɗaɗɗen yadi tsaye har rufi, ba ko ɗaya da za ka yi wa ɗanka rigar Sallah. Ta riƙa dafa su tana gaya mini: wannan mai rufin roba ne, na tafkin kifi da rumfa, wannan raga ce mai rage wa tumatir rana, wannan ba ya saurin kama wuta, na masu aikin haƙar ma'adinai, wannan na asibiti ne, jini ba ya ratsa shi. Sannan ta ce, "Adiza ne zai koya maka, shi ne masta a nan." Na waiga ina neman namiji. Sai wata mata siririya, wadda da ƙyar ta kai ƙanwata ta uku, ta miƙo mini shuɗiyar riga irin ta 'yan koyo da tsintsiya.

Haka al'adarsu take. Ɗan koyo yana da yunifom, shi ke shara, ko da furfura a kansa. A gida kuwa yaron shago sai ya zo da kayan jikinsa ya zauna yana kallo har hannunsa ya faɗa. Na sa rigar nan ina tuna yaran da suke ce mini oga a Fagge. Adiza tana kirana Wofa, wato kawu da Tuwi, amma girmamawar a baki ta tsaya. Aikina shara, riƙe gefen tamfol, da buga zobban ƙarfe inda igiya ke shiga. Injin zafin da ake haɗa tamfol da shi, mai kama da na busar da gashi a shagon mata, ko taɓa shi ba a bari in yi.

Ranar Asabar ce ranarsu ta kasuwa, saboda jana'iza. Kiristocin can ba sa gaggawar binne mamaci kamar mu. Sai a ajiye gawa a asibiti har dangi su hallara, a manna hotuna a bango, a tare titi da rumfuna, a sa baƙi da ja, a kawo makaɗa. Wata Asabar aka yi odar doguwar rumfa daga unguwar Kokomlemle, gidan wasu tsofaffin abokan cinikin Hajiya. An yanka ɓangare biyu, saura a haɗa su a tsakiya, sai wuta ta ɗauke. Hajiya ta tafi kasuwar Makola, Adiza ta fita neman man janareta. Ni kaɗai, ga tamfol a shimfiɗe, ga keken ƙafa a kusurwa wanda ake ɗinke baki da shi, ga mai mota a ƙofa yana danna oda.

Zuciyata ta ce, kai Ila, yau ce ranarka. Haɗa yadi biyu ne za a jira wuta? Na zauna a keken nan, na matse ɗinki iya matsewa, irin na Baba, na yi layi, na dawo na ƙara wani kusa da shi don ƙwari. Wallahi ya yi kyau. Na naɗe na ba mai mota, na koma na ɗauki tsintsiyata ina jiran yabo.

Adiza ta dawo da galan. Da na faɗa mata sai ta ajiye shi a hankali, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Wofa! Ka ɗinka? Da allura? Ei, Wofa, ka kashe mu o!"

Ta kira Hajiya, muka ɗora wata tsohuwar rumfa a tasi muka nufi Kokomlemle. Hadari ya riga mu. Muna shan kwana muka hango rumfar ta cika da mutane, ruwa ya taru a samanta, iska na kaɗa ta. Ina kallo ɗinkina ya buɗe daga wannan kai zuwa wancan kamar an ja zif. Ruwan da ya taru duka ya sauka a kan layin gaba, inda wani tsoho, babban dangin, da matar mamacin suke zaune. Makaɗa suka tsaya.

Hajiya ta iso ta wuce mu ba ta dube ni ba. Ta je gaban tsohon nan, ta rusuna, ta ɗora bayan hannun dama a tafin hagu, yadda suke ba da haƙuri a can, ta yi ta magana da Tuwi cikin ruwa. Daga baya Adiza ta gaya mini ko sau ɗaya ba ta ambace ni ba, cewa ta yi aikin shagonta ne, laifinta ne. Da ta zage ni a gabansu da ya fi mini sauƙi. Muka ɗaura tsohuwar rumfar muna jiƙe sharkaf.

Washegari ta yanko bakin da ya yage ta ɗaga shi saitin rana. Haske na fitowa ta ƙananan huji a jere.

"Duba da kyau, ƙanena. Ba iska ba ne ya yaga shi, kai ne ka yanka. Kowane huji ƙofar ruwa ne, kuma ka jera su kusa-kusa har ba abin da ya rage ya riƙe."

Na ce, "Hajiya, haka Baba ya koya mini."

"Na sani. Babana har ya rasu yana ba mu labarin ɗinkin wansa. Amma wansa riga ya ɗinka, ba rumfa ba." Ta ajiye guntun. "Mota na tashi a Tudu kullum. In zuciyarka ba za ta iya sakin allura ba, ka koma da mutuncinka, ba wanda zai ji a bakina."

Abin da nake taƙama da shi duk rayuwata shi ne ya kunyata ta. Amma na tuna mai waya yana jera caja a inda rigar Baba take rataye. Na ce mata, "Hajiya, wallahi ba zan tsallaka Aflawo ba sai hannun nan ya iya." Ta dubi Adiza ta ce a ba ni injin.

Aikin a ido ba komai ba ne. Ka ɗora baki a kan baki, ka zura bakin injin a tsakani, zafi ya narkar da robar, ɗan tayan hannu ya biyo yana dannewa, su zama abu ɗaya. Amma in ka yi nawa ka ƙona huji, in ka yi sauri sai ya yi kamar ya kama, Adiza ta sa farce ta ɓare shi gabanka tana cewa, "Cale, sake." Cale wato aboki a bakinsu. Yatsuna duk sun yi bororo. Kusurwa ita ce azaba. Inda kuma dole a ɗinka, wato bakin da igiya ke ja, da zare mai kauri ake yi, ɗinki wara-wara kamar na buhu. Ranar da na fara yinsa sai da na ji ƙeyata tana jiran tef.

Wata rana Hajiya ta tafi da ni unguwar Adabraka sayen zobba, muka bi ta inda ake gyaran hanya. Na ga ana shimfiɗa wani farin abu kamar bargo kafin a zuba tsakuwa. Ta ce shi ma yadi ne, yana hana ƙasa zaizayewa. Ta ce lokacin da ta fara, rumfar biki kawai ake nema a wajenta, yanzu ga masu kiwon kifi, ga manoma, ga asibitoci masu zaman kansu, har aiki take mayarwa. Har Alhaji Isufu sai ga shi ya biyo sawuna shagon da maganar buhunsa na raga. Abin da ke ci mata rai ɗaya ne: duk yadin nan a jirgin ruwa yake zuwa ta tashar Tema.

"Auduga tana gonarku, robar daga man fetur ake yin ta, shi ma kuna da shi, masaƙu kuma a Kano da Kaduna an garƙame. Ku kuna jiran atamfa ta dawo. Wanda ya fara saƙa wannan a ƙasarku, mu nan za mu yi layi a ƙofarsa."

Ban ce ni zan buɗe masaƙa ba, ban kai nan ba. Amma sai an samu masu haɗawa da yawa kafin mai saƙa ya ga dalili, kuma ni na ƙudura ina cikinsu.

Shagon Hajiya yana da tasa hanyar yaye ɗan koyo. Za ka haɗa tafki da hannunka, a ɗora shi a gadon katako mai tazara, a cika shi da ruwa, sannan ka kawo tufarka da ka fi so ka shimfiɗa a ƙarƙashi, daidai kusurwa. A bar shi wuni guda. Karon farko kaftanina na Juma'a na sa, ya jiƙe, kuma ranar da yunifom na je masallaci, mata suna ta yi mini sannu. Na sake wani tafkin. Wannan karon Adiza ta janyo kaftanin, ta shafa, ta juya, ta sake shafawa, sannan ta karɓi tsintsiyar daga hannuna. Hajiya ta taya ni samun injin zafi na hannu mai kyau, Adiza ta ba ni nata ɗan tayan kyauta. Na yi sallama da Mamobi ina hawaye, ni da na zo ina yatsine.

Na iso Kano ana ta cinikin raguna. Ban je wajen Yaya Bala ba. Na sayi tamfol a Sabon Gari, na ari janaretan mai aski, kafinta ya buga mini gado, masu garuwa suka cika tafkin a tsakiyar shago tun da safe. Da hantsi sai ga Yaya da mai wayar, har da tef ɗinsa zai auna inda za a sa kanta. Suka tsaya a ƙofa suna kallon ruwa.

Ban yi dogon bayani ba. Na buɗe gilashi na sauko da rigar Baba.

"Kai, Ila! Ka haukace ne?"

Na ninke ta na zura ƙarƙashin gadon, daidai kusurwa. Na ce, "Yaya, in ta jiƙe ga makulli, ba sai an jira Sallah ba."

Ya so ya janye ta, sai kuma ya fasa, ya ja kujera ya zauna. Maƙwabta suka taru. Muna zaune na ba shi labarin komai, har jana'izar Kokomlemle, bai yi dariya ba. Muka je azahar muka dawo. Mai waya ya yi ta duba agogo. Wani a cikin 'yan kallo yana ta tambayar ko ana yin tafkin da ya fi wannan girma, ni kuwa idona na kan kusurwar nan.

Bayan la'asar Yaya ya tashi da kansa, ya durƙusa da wannan gwiwar tasa mai ciwo, ya janyo rigar. Ya shafa ta, ya warware, ya kara ta a kumatu. Sannan ya bi mahaɗin tafkin da yatsa daga sama har ƙasa, irin bin da Baba yake yi wa aikinmu.

"Ina ɗinkin?"

"Babu, Yaya."

Ya kakkaɓe rigar, ya mayar da ita cikin gilashi da hannunsa, ya rufe. Ya juya ga mai waya ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, shagon nan akwai tela a ciki."

Har ya kai ƙofa sai ya waigo.

"Tamfol ɗin da nake rufe masara da shi a Dawanau yana yoyo. Gobe zan aiko maka. Kuma Ila, kada ka kuskura ka sa masa allura."